Tsakanin Shawara da Daji: Tarihin Ciwon da Ba Mu Raɗa wa Suna ba

Ƴan'uwa ɗalibai, in kuka bi babbar hanya daga Gidan Rumji, kuka ratsa Maraɗi, kuka wuce Agye har Gazawa, da wuya ku ci kasuwa guda ba ku tarar da mai maganin shawara ba. Ya baza sassaƙe da saiwoyi bisa tabarma, ko ya ɗaura lasifika yana ta kirari. Kowa ya san shawara: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja kamar shayi, jiki ya mutu. Kowa kuma ya san wani ciwo na daban, mai kama magidanci yana tsakiyar ƙarfinsa. Mutum ya rame, ciki ya kumbura, gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari ya yi tauri kamar dutse, cikin ƴan watanni a kai shi makwanci. Wurin zaman makoki in an ce "mi ya same shi?", wani ya ce daji ne, wani ya ce kumburin ciki, wani ya sassauta murya ya ce sammu.

Waɗannan ciwuka biyu sau da yawa tushensu guda ne, ƙwayar cutar da lokotoro ke kira epatit B, wato ciwon hanta nau'in B. Amma abin da ya haɗa su, shekara 20 ko 30 da ƙwayar ke yi cikin jiki ba ciwo ba alama, shi ne harshenmu bai ba suna ba. Wannan rubutu tarihin wannan giɓi ne: yadda masana suka gano shi, yadda ya shafi ƙasarmu ta noman gujiya, da dalilin da ya sa ya fi shafar tsaranmu.

Suna yana bin ido

Hausa ta san hanta sarai, ko anta kamar yadda tsofaffinmu ke faɗi. In mutum ya firgita, mukan ce hantarsa ta kaɗa. In aminai sun shaƙu, mukan ce kamar hanta da jini. To amma wajen ciwo, sunayenmu abin da ido ya gani suke bi. Kalmar shawara launin ido take nufi, ba ta damu da abin da ya kawo shi ba. Shi ya sa kalma guda ta ɗauki kaya da yawa: zazzaɓin shawara da sauro ke kawowa, ɗorawar ido ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ta masu amosanin jini, ta jariri sabon haihuwa, da ta ciwon hanta nau'in A da E da ake sha cikin gurɓataccen ruwa, irin annobar nau'in E da ta faɗa wa jihar Diffa a 2017.

Nau'in B kuwa, in ya shiga jikin yaro ƙarami, galibi ido ba ya sauya launi ko kaɗan. Yaron zai tashi lafiya lau, ya yi noma, ya yi kokawa, ya yi aure. Naman hanta ba ya jin zafi yadda fata ke ji, kuma in wani sashe ya lalace, sauran yakan ɗauki aikin. Ke nan mutum na iya ɗauke da ƙwayar rabin rayuwarsa, shi bai sani ba, mai maganin shawara bai gan shi ba, tunda ba abin da za a gani.

Shekara 40 ana neman zaren

Kada mu ce kakanninmu kaɗai ne abin ya shige wa duhu. Su ma Turawa sun daɗe suna lalube. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, an yi wa sojojin Amurka rigakafin zazzaɓin shawara da wani ruwan allura da aka haɗa da ruwan jinin mutane. Sai ga soja kusan 50,000 sun kwanta da ɗorawar ido. An yi allurar hana shawara, sai ta kawo wata shawarar. Daga nan aka ƙara tabbata cewa akwai ciwon hanta mai bin jini, daban da mai bin ruwa da abinci. A 1947 wani likitan Ingila, MacCallum, ya kira mai bin abinci A, mai bin jini B. Suna ke nan aka samu, amma ba wanda ya ga ƙwayar tukuna.

A wannan zamanin kuma likitocin da ke aiki a Afirka suna ta mamakin wani abu. Ciwon dajin hanta, wanda a Turai ba safai ake ganinsa ba, a nan ya cika asibitoci, kuma matasa yake kashewa. Charles Berman ya rubuta littafi a kansa a 1951, bayan ya ga yadda yake cin ƴan Mozambik masu aikin haƙar zinariya a Afirka ta Kudu. A Dakar, inda Faransa ke horar da likitocin yankinmu, Maurice Payet da abokan aikinsa sun yi zargin tun shekarun 1950 cewa ciwon hanta ne ke share wa dajin fage. Zargi ne kawai, don babu awon da zai nuna mai ɗauke da ƙwayar.

Awon ya zo ta wata hanya da ba a zata ba. Baruch Blumberg, wani masani Ba'amurke, yana tara jinin al'ummu daban-daban don nazarin gado, ya tsinci wani baƙon sinadari cikin jinin wani ɗan asalin Ostareliya, ya bayyana shi a 1965. Cikin shekara 3 aka gane cewa ɓawon ƙwayar nau'in B ne. A 1970 David Dane ya ga ƙwayar kanta da madubin ƙara girma a Landan. Blumberg ya samu kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce yau ranar ciwon hanta ta duniya. Wannan ɓawo da ya tsinta shi ne ake nema in an ɗebi jininka a likita, shi ake rubutawa AgHBs bisa takarda.

Da aka samu awo, sai aka iya yin tambayar da Payet bai iya amsawa ba. A Taiwan, Palmer Beasley ya auna ma'aikatan gwamnati maza 22,707, ya bi su shekara da shekaru. A 1981 ya fitar da sakamako: mutum 41 suka kamu da dajin hanta, 40 daga cikinsu masu ɗauke da ƙwayar B ne, alhali masu ƙwayar ba su kai kashi 1 cikin 6 na waɗanda aka auna ba. Daga 1942 zuwa 1981, kusan shekara 40 ke nan kafin a ƙulla zaren tsakanin shawara da daji.

Yadda ɓarnar ke tafiya shi ne, ƙwayar tana zama cikin ƙwayoyin hanta, sojojin jiki suna kai mata hari, garin haka suna ji wa hantar rauni. Rauni ya warke ya bar tabo, wani ya sake fitowa, har hanta ta ƙanƙance ta yi tauri. Ban da haka, ƙwayar B tana cusa wani sashe na rubutun gadonta cikin na ƙwayar hanta, kamar a tsoma baƙon layi cikin littafi. Shi ya sa tana iya kawo daji ko hantar ba ta kai ga taurin ba. A ƙasashenmu abin yakan bayyana mutum yana ɗan shekara 30 ko 40, daidai lokacin da gida ya dogara gare shi. Rajistar ciwon daji ta Nijar, da aka buɗe a Yamai a 1992, ta nuna dajin hanta yana sahun gaba wajen maza.

Ta ina take shiga gida?

Wannan shi ne wurin da aka fi yi wa masu ciwon zalunci. Da an ji "yana bin jini", sai a fara kallon mutum kamar ya yi abin kunya. Gaskiya ne ana iya ɗauka ta saduwa. Amma babba in ya kamu, fiye da kashi 95 cikin 100 jikinsa yakan kore ta da kansa. Jariri kuwa in ya ɗauka wurin haihuwa, kusan 9 cikin 10 za ta zauna masa har abada. Yaron da bai kai shekara 5 ba shi ma haɗarinsa babba ne. Saboda haka galibin masu ɗauke da ita a Afirka ta Yamma tun suna goye ko suna rarrafe suka samu, daga uwa, ko daga yara ƴan'uwansu ta gyambo da ƙuraje da ƙananan raunuka.

Sai kuma ƙarfe. Ƙwayar B tana rayuwa aƙalla kwana 7 cikin busasshen jini, kuma ta fi ta sida saurin kamu nesa ba kusa ba. Ku tuna sau nawa ƙarfe ke taɓa jinin ɗan Bahaushe kafin ya yi wayo: askin suna, cire hakin wuya, tsagar gado irin wadda Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi ke gane juna da ita, hujin kunne, kaciya da akan tara yara a yi musu lokacin ɗari, sakiya, ƙaho. Wanzami mutum ne mai daraja a garuruwanmu, sana'arsa ta gado ce, kuma shekaru aru-aru shi ne likitan da ke kusa. Askarsa in ya goge ta fes take a ido. Abin da ke bisa kaifinta, sai 1970 ɗan Adam ya fara ganinsa.

Likitancin zamani ma ya ɗauki nasa alhakin. Zamanin mulkin mallaka da bayansa, ayarin ma'aikatan lafiya kan sauka gari a jera mutane ɗaruruwa, allurai kaɗan, lokacin dafa su kaɗan. A Kamaru, bincike ya danganta yawan ciwon hanta nau'in C wurin tsofaffi da irin waɗannan allurai na zamanin Faransa. A Masar, alluran maganin tsargiya da aka yi wa miliyoyin mutane har zuwa shekarun 1980 sun bar ƙasar da nau'in C fiye da kowace ƙasa. Shi nau'in C sai a 1989 aka gano shi, kuma shi ma shiru yake zama har ya kai ga daji. Wannan darasi ne ya sa alluran rigakafin yau sau ɗaya ake amfani da su, su kulle kansu, a jefar. Haɗarin da ya rage yana wurin mai pikiri na bakin kasuwa, da mai yankan farce da ke bin rumfuna da almakashi guda.

Abin da ba ya kawo ta kuma shi ne cin tuwo kwano guda, shan hura ludayi guda, musafaha, ko zufa. Raba wa mai ciwon kwano ba ya kare kowa, sai dai ya sa na gaba ya ɓoye takardarsa.

Gujiya da abokin tafiyarta

Tarihin dajin hanta a jihar Maraɗi ba ya cika sai an sa gujiya, wadda mutanen Kano ke ce wa gyaɗa. Tun shekarun 1930 Faransa ta matsa a noma ta, don manomi ya samu kuɗin biyan haraji, kamfanoninta su samu mai. Ƙasar jigawa ta Agye da Gazawa da Gidan Rumji ta karɓe ta. Da kaka akan buɗe kasuwannin awo, a loda buhuhuwa zuwa jirgin ƙasa na Kano. Arzikin alhazan Maraɗi na farko da yawa daga nan ya taso. Bayan samun mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 don sayen gujiya da fitar da ita, kuma a shekarun 1960 ita ce babbar hajar da Nijar ke sayarwa waje, kafin farin farkon shekarun 1970 da cutar gujiya ta 1975 su karya noman.

Ana tsakiyar wannan ciniki, a 1960, talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila. Aka bi sawu, aka tarar tunkuzar gujiya ce daga Barazil. Cikinta akwai dafin da wata hunhuna ke fitarwa, aka sa masa suna afalatoksin. Hunhunar tana son gujiya da masara, musamman in fari ya kama shuka gab da nuna, ko an tara amfani bai bushe ba, ko rumbu yana da laima. Suya da dahuwa ba su kashe dafin. Tun daga lokacin Turai ta sa ma'auni mai tsanani ga abin da za a kai mata. Gujiyar da ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ta yi ɗaci, ita ce ke da araha, ita ce ke saura a gida, ta shiga ƙuli-ƙuli da miya da hannun yara.

Dafin shi kaɗai yana iya kawo dajin hanta. Amma in ya tarar da ƙwayar B, abin ya wuce tarawa, ya zama ninkawa. Wani bincike a Shanghai ta ƙasar Sin, kan maza fiye da 18,000, ya nuna a farkon shekarun 1990 cewa dafin kaɗai yana ninka haɗari kamar sau 3, ƙwayar B kaɗai kamar sau 7, su biyun tare kusan sau 60. Ba cewa ake a bar gujiya ba, da ita iyayenmu mata ke rufa wa gida asiri. A ƙasar Gine, wajen Kindiya, an gwada abubuwa masu sauƙi a ƙauyuka: tsince ruɓaɓɓiya da hannu, shanya bisa tabarma maimakon ƙasa, tabbatar da ta bushe, zubawa a buhun da iska ke ratsawa, ɗora buhu bisa katako. Sakamakon da aka fitar a 2005 ya nuna dafin cikin jinin mutanen ya ragu da fiye da rabi.

Ɓoye cikin ɓoye

Akwai wani mataki na ɓuya da ya fi wannan. Wasu mutane in an nemi AgHBs a jininsu ba a gani, amma rubutun gadon ƙwayar yana nan kwance cikin hanta. Masana sun taru a Taormina ta Italiya a 2008 suka tsayar da ma'anar wannan hali, suka kira shi ɓoyayyen kamu. Haɗarinsa bai kai na mai AgHBs ba, amma ƙwayar tana iya farkawa in garkuwar jiki ta faɗi, kuma ana samun sawunta cikin hantar wasu masu daji da aka ɗauka ba su da ita. Wannan ya sa aikin masu tace jinin ƙari yake da nauyi, musamman da damina, lokacin da zazzaɓi ke shanye jinin yara a cika ɗakunan likita da su. Jinin da aka auna yana ceton rai, ba abin gudu ba ne. Abin gudu shi ne yaro ya kai ga wannan hali ba a yi masa rigakafi ba.

2008, shekarar da ta raba mu

Rigakafi ya samu da wuri. Philippe Maupas ya haɗa na farko a Faransa a 1976, aka gwada shi ga jarirai a Niyakar ta Senegal daga 1978. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kafin 1997 dajin hanta wurin yaranta ya ragu da kusan rabi. Gambiya ta fara a 1986. A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace ƙasa ta sa shi cikin rigakafin yara kafin 1997. Tsada ta hana ƙasashe matalauta cika wannan wa'adi, sai bayan da aka kafa asusun Gavi a 2000. Najeriya ta fara a 2004. Nijar ta fara a 2008, cikin allurar nan mai haɗe da rigakafi 5 da ake kira Penta, wadda ake yi wa jariri yana da sati 6, da 10, da 14.

Ku yi lissafi da kanku. Jariran Afirka ta Yamma ne aka gwada wa allurar a 1978, jariran Agye ba su same ta ba sai bayan shekara 30. Duk wanda aka haifa a Gangara ko Cadakori ko Saye Sabuwa kafin 2008, karnensa na rigakafi, in ma yana da shi, babu wannan allura ciki. Mu ke nan, masu karanta wannan ɗan littafi, da yayyenmu, da iyayenmu. Nijar tana cikin ƙasashen da masu ɗauke da ƙwayar suka wuce kashi 8 cikin 100. Ko da wannan mafi ƙarancin aka yi lissafi, aji mai ɗalibi 50 yana da mutum 4. A duniya, Hukumar Lafiya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 na ɗauke da ita a 2022, kuma kashi 13 cikin 100 kawai suka san haka.

Har yanzu akwai wani giɓi ga ƙannenmu. Penta sai sati 6, amma ƙwayar uwa ranar haihuwa take shiga, askin suna kuma ranar bakwai ne. Shi ya sa tun 2009 Hukumar ta ce a yi wa kowane jariri allura cikin awa 24 na farko. A ƙauyukan da mata da yawa ke haihuwa a ɗaki, nesa da CSI, wannan awa 24 ba ƙaramin aiki ba ne.

Mi ya rage gare mu?

Awon AgHBs ɗigon jini ne da ƴan mintuna. Wanda ba a ga komai ba, ya nemi rigakafi, allura 3 ce. Wanda aka gani, ba hukuncin mutuwa ba ne: da yawa ba su bukatar magani, sai bibiya da awon jini da hoton ciki a kai a kai. Masu bukata akwai ƙwaya irin tenofobir, guda a yini, ba ta fitar da cutar kwata-kwata amma tana danne ta, ta rage haɗarin daji ƙwarai. Nau'in C yau ana warkewa daga gare shi cikin wata 3. Mai ɗauke da ƙwaya ya nisanci giya, ya yi hattara da jiƙe-jiƙen da bai san abin da ke ciki ba, don hanta ce ke tace su. Mai ciki ta nemi a auna ta wurin awo. Ranar suna a kai wa wanzami sabuwar reza, ba raini ba ne, shi ma ƴaƴa gare shi.

Sauran aikin na harshe ne, kuma wannan namu ne. In ma'aikacin lafiya ya ce wa tsoho "shawara gare ka", tsoho zai duba idonsa a madubi ya ga fari tas, ya ce ƙarya ne. In ya ce "ciwon hanta", tsoho zai ce ba inda ke yi masa ciwo, kuma gaskiya ya faɗi. In ya ce "epatit", bai ce komai ba. Muna bukatar kalma mai cewa abu yana nan, bai tashi ba tukuna. Manomi ya san gara da ke cin ginshiƙin rumbu daga ciki, waje na nan lafiya. Ina ganin "kwantacciyar cutar hanta" ko "mai ɗauke da iri" sun fi kusa da gaskiya, amma ba a ɗakin karatu ake yanke wa kalma hukunci ba. Ku tafi da su gida wannan hutu, ku gwada su ga iyaye da ungozoma da wanzamin garinku, ku ji wadda ta zauna a bakinsu. Kafin nan, ku fara miƙa naku yatsan a ɗebi jini.